Masu nutson zurfi da kaifin harshe: zagin mai kuskure ba ya hana ruwa cin mutum

Da yawa daga cikinmu ba mu manta da watan Yulin 2018 ba, lokacin da wayoyinmu suka cika da hotunan wasu yara ƴan ƙwallo su 12 da kocinsu, waɗanda ruwa ya rutsa da su a kogon Tham Luang da ke arewacin ƙasar Tailan. Sun shiga kogon ranar 23 ga watan Yuni, ruwan sama ya toshe musu hanyar fita, ba a sake jin ɗuriyarsu ba sai ranar 2 ga Yuli, da wasu ƴan Ingila biyu, Rick Stanton da John Volanthen, suka iske su da rai a kan wani tudu can cikin duhu. Stanton tsohon ma'aikacin kashe gobara ne, Volanthen kuma aikin kwamfuta yake yi. Likitan da ya yi wa yaran allurar barci domin a iya fito da su ta ƙarƙashin ruwa, Richard Harris ɗan ƙasar Ostareliya, shi ma nutso a cikin kogo sha'awarsa ce ta lokacin hutu. Daga 8 zuwa 10 ga Yuli aka fito da dukkansu. Kafin nan, ranar 6 ga wata, wani tsohon sojan ruwan Tailan, Saman Kunan, ya rasa ransa a wajen aikin kai tukwanen iska cikin kogon.

Waɗannan mutane sun fito ne daga wata ƴar ƙaramar al'umma ta masu nutson zurfi, wato masu shiga kogwannin da ruwa ya cika, da cikin jiragen ruwan da suka nutse, da zurfin da mai nutson shaƙatawa ba ya kusanta. Duniya ta san su da jarumta da ƙwarewa. A tsakaninsu kuwa an san su da wani hali daban: kaifin harshe. Sabon shiga zai yi tambaya kan yadda ake rataya tiyon iska, a mayar masa da baƙar magana. Wani ya ba da labarin yadda ya sha da ƙyar, a yi masa ca. Wani ya mutu a ruwa, tun ba a binne shi ba an riga an yanke masa hukuncin wauta. In ka tambaye su dalili, amsar ba ta wuce cewa ruwa ba ya wasa, saboda haka su ma ba za su yi wasa da kowa ba.

Ra'ayina shi ne sun yi gaskiya a rabin maganar. Ƙa'idar aiki mai haɗari dole ta yi tsauri. To amma cin mutunci wani abu ne daban, kuma a aikin da ilminsa ya dogara ga labarin waɗanda suka yi kuskure, duk abin da zai rufe bakin mai kuskure taya ruwa kisa yake yi.

Me ya sa ƙaramin kuskure ke zama ajali

Kafin a yi musu hukunci, ya kamata mai karatu ya san irin aikin. Duk mita 10 da mutum ya sauka cikin ruwa, matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa. A zurfin mita 90 matsin ya ninka sau 10, kuma tukunyar iskar da za ta ishi mutum awa guda a sama, cikin minti 6 za ta ƙare masa a can. Masu nutson shaƙatawa iyakarsu mita 40. Abin da ya wuce nan, ko wurin da akwai rufin dutse a kan mutum, shi ne fagen waɗanda muke magana a kansu. Wani ɗan jarida Ba'amurke, Michael Menduno, shi ya yayata sunan wannan fanni a mujallarsa ta aquaCORPS a farkon shekarun 1990.

Iskar da muke shaƙa, kashi 21 cikin 100 oksijin ce, kusan kashi 78 kuma naitirojin. Daga wajen mita 30, naitirojin na fara bugar da mutum kamar wanda ya sha abin maye, tunaninsa ya yi nauyi ba tare da ya sani ba. Oksijin da ke raya mu, ita ma guba take zama in matsi ya yi yawa: zallarta ba a shaƙa ƙasa da mita 6, domin tana iya tayar wa mutum da jijjiga irin ta farfaɗiya, bututun ya fita daga bakinsa, ya shaƙi ruwa. Shi ya sa masu zurfi ke haɗa iskarsu da hiliyom, kuma suke ɗaukar tukwane da yawa, kowace da zurfin da aka tanadar mata. Mutum ya ɗauki bututun wata tukunya a zurfin da ba nata ba, shi ke nan.

Fitowa ma ba a yin ta da gaggawa. Iskar da ta narke cikin jini a ƙasa, in aka hau da sauri, tana yin kumfa kamar lemun kwalba da aka girgiza aka buɗe, kumfan ya toshe jijiya ko ya taɓa laka, mutum ya shanye ko ya mutu. Dole a riƙa yada zango a hanyar hawa, wani lokaci na awoyi masu yawa. Ke nan in matsala ta tashi a ƙasa, a ƙasan za a warware ta, babu zancen gudu sama. Wanda ya fahimci wannan zai gane dalilin da ya sa zukatan waɗannan mutane ke saurin tafasa in sun ga sakaci. Da yawansu sun taɓa ɗauko gawar aboki.

Ilmin da aka samo daga matattu

A shekarun 1960 da 1970, kogwannin ruwa na jihar Fulorida a Amurka sun ci mutane da yawa. Wani matashi mai suna Sheck Exley, wanda daga baya ya zama malamin lissafi a makarantar sakandare ta garin Live Oak, ya zauna ya bi labarin mace-macen ɗaya bayan ɗaya yana neman abin da suka yi tarayya a kai. A 1979 ya fitar da wani ɗan ƙaramin littafi kan ƙa'idojin tsira a nutson kogo, inda yake kawo rahoton haɗari na gaske, sannan ya ciro darasin da ke ciki.

Daga wannan aiki ne aka tace ƙa'idoji biyar da har yau ake koyarwa. Kada ka shiga kogo ba tare da horo ba. Ka ja igiya tun daga bakin kogo ba tare da yankewa ba, domin in laka ta tashi ido ba ya amfani. Ka raba iskarka kashi uku: ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na ajiya saboda kai ko abokinka. Kada ka wuce zurfin da iskarka ta dace da shi. Ka riƙe fitila uku.

Abin lura shi ne, babu ɗaya daga cikin ƙa'idojin nan da aka ƙirƙira a ofis. Kowace wani ne ya biya ta da ransa, wani kuma ya ba da labarin yadda abin ya faru. Exley ya ɗauki matattu a matsayin shaidu, ya saurari abin da labarinsu ke faɗa. Da ya tsaya ga cewa wawaye ne suka mutu, da littafin bai samu ba, domin kalmar wauta ba ta gaya wa na baya abin da zai yi gobe in ya shiga ruwa.

Inda zafin baki ya samo asali

Sunan da aka fi ambata in ana maganar kaifin harshe a wannan fage shi ne George Irvine, wanda ya shugabanci ƙungiyar WKPP mai binciken kogwannin yankin Wakulla a Fulorida a shekarun 1990. Ƙungiyar ta riga ta ɗanɗani rashi: a 1991 jagoranta Parker Turner ya mutu a kogon Indian Springs bayan da zaftarewar ƙasa ta toshe hanyar fita. Tsarin da ƙungiyar ta ɗauka mai tsauri ne ƙwarai. Kowa kayansa iri ɗaya ne, an jera su wuri ɗaya, ta yadda ko a cikin duhu za ka san inda wuƙar abokinka take. Kowa na da dogon tiyo na wajen mita 2, kuma in iskar abokinka ta yanke, bututun da ke bakinka za ka miƙa masa, domin shi ne ka tabbatar yana aiki. Babu zuwa zurfi da iska ta yau da kullum. Babu tafiya kai kaɗai.

Sun sa wa tsarin suna DIR, wanda ma'anarsa ita ce yin abu yadda ya dace. Tun daga sunan rigima ta fara, domin kowa ya ji ya san abin da ake nufi da sauran jama'a. Irvine kuma ya yi suna wajen kiran duk wanda yake ganin halinsa na da haɗari da laƙabin "stroke", kuma ƙa'idarsa ta farko ita ce kada a shiga ruwa da irin wannan mutum. Laƙabin ya bazu, mabiya suka ɗauka, har waɗanda ba su taɓa leƙa kogo ba suka riƙa jifan wasu da shi saboda launin tiyo ko irin ɗamarar da suka saya.

Adalci ya sa a faɗi cewa tsarin ya yi aiki. A watan Disamban 2007, Jarrod Jablonski da Casey McKinlay na wannan ƙungiya sun shiga ta ramin Turner suka fito ta maɓuɓɓugar Wakulla, tafiyar kimanin kilomita 11 a ƙarƙashin ƙasa, a zurfin wajen mita 90, suka shafe fiye da awa 20 a cikin ruwa in aka haɗa da zangon hawa. Jablonski ne ya kafa makarantar horo ta GUE a 1998, kuma dabaru da yawa na DIR, irin su dogon tiyo da daidaita kaya tsakanin ƴan tawaga, yau sun zama ruwan dare har a wajen waɗanda suka tsani sunan.

Masu kare zafin baki a nan suke kafa hujja. Suna cewa gaskiya ɗaci gare ta, kuma gara mutum ya ji haushi ya koma gida da ransa, da a lallaɓa shi ya tafi ya mutu. Suna cewa a lokacin akwai malamai masu koyar da zuwa zurfi da iska ta yau da kullum, kuma da ba a ɗaga murya ba da ba su daina ba. Hujja ce mai nauyi, ban raina ta ba. Sai dai tambayar da ya kamata a yi ita ce: me ya ceci rayukan, dogon tiyo da hiliyom da horo, ko kuwa zagin? Amsar tana cikin abin da ya biyo baya. Dabarun sun ci gaba da yaɗuwa ta hanyar malamai masu sanyin baki, ita kanta GUE ta rage amfani da sunan DIR daga baya, kuma ba a ga ingancin dabarun ya ragu ba don an daina haɗa su da ashar.

Ɓarnar da zagi ke yi

Ɓarna ta farko ita ce rufe baki. A duk aiki mai haɗari, waɗanda suka sha da ƙyar sun fi waɗanda suka mutu yawa nesa ba kusa ba, kuma su ne kawai za su iya faɗin abin da ke cikin kansu a lokacin da abin ya faru. Gawa ba ta bayani. Ƙungiyar DAN da aka kafa a Amurka a 1980, da ƙungiyar masu nutso ta Birtaniya BSAC, suna tattara rahotannin haɗurra suna wallafawa, amma wanda ya tsira ba tare da rauni ba, babu mai tilasta masa kawo labarinsa. Ganin damarsa ne. To mutumin da ya ga yadda aka yi wa na gabansa tsirara a bainar jama'a, me zai sa ya fito ya ce shi ma ya taɓa mantawa bai buɗe tukunyarsa ba? Zai yi shiru, darasin ya tafi da shi, wani ya sake faɗawa ramin.

Ta biyu ita ce ruɗin kai. In na ce wanda ya mutu wawa ne, a fakaice ina gaya wa kaina cewa ni da nake da wayo abin ba zai same ni ba. Bayan abu ya faru kowa gwani ne, domin ya riga ya san ƙarshen labari. Shi kuwa wanda ke cikin ruwa a lokacin, da sanyi da duhu da maye a kansa, abin da ya yi ya yi masa daidai a wannan daƙiƙar. Kuma tarihin wannan fage bai goyi bayan cewa jahilai kaɗai ruwa ke ci ba. Sheck Exley da kansa, wanda ya rubuta ƙa'idojin, ya mutu ranar 6 ga Afrilun 1994 a ramin Zacatón na ƙasar Meziko, yana da shekara 45, a ƙoƙarin kai wa zurfin mita 300.

Ta uku ita ce mayar da kiyaye rai ya zama ɓangaranci. Da zarar an raba mutane gida biyu, mu masu daidai da su ɓatattu, to wanda aka zaga ba zai ƙara sauraron hujja ba ko da gaskiya ce, domin karɓarta ya zama miƙa wuya ga wanda ya wulaƙanta shi. Sabon shiga da aka kora da baƙar magana ba ya fasa nutso. Yana komawa ne wajen wanda ba zai zage shi ba, ko da kuwa wannan bai san komai ba.

Ta huɗu ta fi ban tsoro, domin a cikin ruwa take faruwa. Masu nutson kogo na da wata ƙa'ida mai kyau: kowa na da ikon ɗaga babban yatsa ya soke nutso a kowane lokaci, kan kowane dalili, ba tare da an tuhume shi ba. Wannan ƙa'ida ba ta rayuwa a wurin da ake yi wa mai tsoro dariya. Yaron da ya saba jin ana kiran wasu ragwaye, in gabansa ya faɗi a bakin kogo, zai haɗiye tsoronsa ya bi babba, alhali wannan faɗuwar gaban wataƙila ita ce gargaɗin ƙarshe da tawagar za ta samu.

Akwai wata hanyar

A watan Oktoban 2004, wani matuƙin jirgin sama ɗan Ostareliya, Dave Shaw, ya sauka zurfin mita 270 a ramin Boesmansgat na Afirka ta Kudu, da na'urar maimaita numfashi, wadda ke tace iskar da mutum ya fitar ta ƙara mata oksijin ta mayar masa. A can ya ga gawar Deon Dreyer, matashi ɗan shekara 20 da ya ɓace a ramin tun 1994. Ya yi wa iyayen yaron alkawarin ɗauko ta. Ranar 8 ga Janairun 2005 ya koma da babbar tawaga, bai dawo da rai ba. Bayan ƴan kwanaki, da ake janye igiyoyi, gawarwakin biyu suka taso tare.

Abu ne mai sauƙi a ce Shaw ya yi gaggawa, domin wannan shi ne nutsonsa na 333 kacal, ko a ce bai kamata a sayar da rai saboda gawa ba. Ana iya faɗin haka cikin ladabi, kuma an faɗa. Amma abin da ya amfani na baya shi ne kyamarar da ke kan hularsa. Likitoci, ciki har da Simon Mitchell na ƙasar Niyu Zilan, suka zauna suka nazarci hoton da sautin numfashinsa, suka wallafa sakamakon a 2007. Sun nuna cewa a wannan zurfi iskar ta yi kauri ƙwarai, ga shi yana fama da gawa da igiyar da ta harɗe, huhunsa ya kasa fitar da iskar kabon, ta taru a jininsa har ya suma. Wannan nazari da wasu da suka biyo baya suka sa kaurin iska ya zama abin da ake lissafawa kafin nutso, har Mitchell da Gavin Anthony suka ba da shawarar kada ya wuce giram 5.2 a lita ɗaya, iyakar ƙarshe kuma 6.2. Ga abin da ake samu in aka tambayi yadda abu ya faru.

Misali na biyu shi ne na Brian Bugge, jami'in sojan ruwan Amurka da ya mutu a Hawayi a watan Mayun 2018 yayin horo da irin wannan na'ura. Ya shiga ruwa tukunyar oksijin ɗinsa a rufe, ya suma, ya nutse. A bakin masu zafin harshe, jimla ɗaya ta ishi labarin. Amma matarsa da abokan horonsa suka yarda suka yi magana a gaban kyamara, a wani fim da Gareth Lock, tsohon jami'in sojan saman Birtaniya mai koyar da halayyar ɗan Adam a wajen nutso, ya shirya a 2020. Fim ɗin ya nuna yadda ƙananan abubuwa suka taru, gaggawa da sauye-sauyen shiri da shakkun da ba a furta ba, har suka kai mutum mai hankali ga mantuwar da ta kashe shi. Waɗannan shaidu ba za su buɗe baki ba da sun san zagi ke jiransu.

Lock daga harkar jiragen sama ya ɗauko tunaninsa, kuma can ɗin sun koyi darasin da tsada. Ranar 1 ga Disamban 1974 jirgin kamfanin TWA ya daki wani dutse a jihar Bajiniya yana shirin sauka kusa da birnin Washinton, mutum 92 suka mutu. Bincike ya gano cewa makonni shida kafin nan, matuƙan wani jirgin kamfanin United sun kusa dukan dutsen saboda irin wannan rashin fahimtar umarnin sauka. Sun kai rahoto a cikin kamfaninsu, an gargaɗi matuƙan kamfanin, amma babu hanyar da labarin zai kai ga sauran kamfanoni. A 1976 Amurka ta buɗe tsarin kai rahoton kuskure a asirce, ta damƙa shi a hannun hukumar NASA domin kada mai karɓar rahoto ya zama shi ne mai hukunci. Matuƙi na iya cewa na yi kuskure kaza, a cire sunansa, a rarraba darasin ga kowa.

Shin a daina tsawatarwa ke nan?

A'a. Wanda ya fahimci maganata a haka bai fahimce ni ba. Ko tsarin NASA ɗin bai ba da kariya ga wanda ya karya doka da gangan ko ya aikata laifi ba. Akwai bambanci tsakanin wanda ya manta, da wanda aka koya wa ba daidai ba, da wanda ya san ƙa'ida ya take ta don nuna isa ko don kuɗi. Malamin da ke kai ɗalibai zurfin da ba su kai ba, a ƙwace masa lasisi. Ɗalibin da bai iya ba, a kayar da shi a jarrabawa ko nawa ya biya. Abokin da ya ƙi duba kayansa, a ce masa yau ba na shiga ruwa da kai, kuma ga dalili. Wannan duka tsauri ne, kuma babu ɗaya da ke buƙatar a ambaci uwar wani.

Ramin Blue Hole da ke Dahab a ƙasar Masar ya ci masu nutso da yawa da ke ƙoƙarin ratsa wata ƙofar dutse a zurfin wajen mita 55. Ɗaya daga cikinsu, Yuri Lipski ɗan shekara 22, ya mutu a watan Afrilun 2000 da kyamara a jikinsa, kuma har yau hoton mintocinsa na ƙarshe na yawo a duniya. Mai koyarwa na iya nuna wa ɗalibansa wannan hoto ya ce musu: ku ga abin da tukunya ɗaya ta iska ta yau da kullum ke yi wa mutum a irin wannan zurfi, ku ga yadda maye ke ƙwace tunani. Wani kuma na iya kallonsa ya yi tsaki ya ce Allah ya ƙara. Na farko ya tsoratar da ɗalibansa ta hanyar da za ta amfane su. Na biyu kansa kawai ya faranta wa, kuma ya manta cewa mamacin na da uwa.

Abin da ya shafe mu

Nijar ba ta da teku, kuma ƙalilan ne daga cikin masu karanta wannan za su taɓa goya tukunyar iska. Amma halin da nake magana a kai ba baƙo ba ne a wajenmu. Yaron gareji da ya san in ya ce ya manta bai ɗaure noti ba mari zai sha, shiru zai yi, motar ta hau titi da fasinja. Mai haƙar rijiya ko ramin zinariya da ya ji numfashinsa na sarƙewa a ƙasa, in ya san za a kira shi rago, zai daure har ya faɗi. Ƴan'uwanmu da ke aikin gini a Aljeriya da Libiya da ƙasashen Larabawa sun san yadda ake ɓoye ƙaramin haɗari saboda tsoron kora ko tsoron dariyar abokai. Kuma duk mun ga yadda ake yi wa wanda ya faɗa hannun ƴan damfara ko ya sha wuya a hanyar hamada in ya fito ya ba da labari: kafin a tambaye shi ta ina aka ɓullo masa, an riga an tambaye shi ina hankalinsa yake. Na bayansa goma da abin ya sama sai su ja bakinsu su yi shiru, ɗan damfarar ya ci gaba da cin kasuwarsa.

Hausawa na cewa gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Karin maganar na aiki ne kawai in wane ɗin ya yarda a gani. Saboda haka in wani ya zo fada ko wurin aiki ya ce jiya na kusa hallaka saboda kuskurena, a ba shi shayi, a bar shi ya kai ƙarshen labarinsa, a tambaye shi me ya gani a lokacin da ya sa abin ya yi masa daidai. In akwai gyara a faɗa masa ƙarara, ba tare da an rage komai ba. Masu nutson zurfi sun ɗauki shekaru da rayuka masu yawa kafin wasunsu su gane cewa mai irin wannan labari kyauta ya kawo musu, kuma har yanzu ba dukkansu suka gane ba.